GWAJIN BAKIN MAHAIFA YA NUNA LAFIYA, AMMA CIWON MARA BAI DAINA BA



'Yar uwa, kin je an yi miki gwajin bakin mahaifa, takarda ta fito an ce lafiya ƙalau. Alhamdulillah. To amma ga mara tana ta ciwo, ko ruwa mai wari na fita, ko kina ganin jini bayan kwanciyar aure. Maigida kuma ya ce ai an gwada ba a ga komai ba, ki haƙura.

Ku fahimci aikin wannan gwajin. Ana goge ƙwayoyin da ke bakin mahaifa ne a duba ko sun fara sauyawa zuwa ciwon daji, ko a nemi ƙwayar cutar HPV wadda ita ce ke jawo kusan duk kansar bakin mahaifa. A wasu asibitocinmu ruwan khal ake shafawa a wurin a duba da ido. Ko wanne aka yi, bakin ƙofa kaɗai aka leƙa. Cikin mahaifa, ma'ajiyar ƙwai, bututun da ƙwai ke bi, mafitsara, hanji, duk ba a duba su ba. Kuma gwajin kansa yakan iya kuskure.

Me zai iya kawo ciwon? Ƙari a mahaifa yana kawo nauyin mara da jinin haila mai yawa. Akwai ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai, akwai cutar mafitsara. Akwai kuma wadda ake kira endometiriyosis, inda nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, mace ta riƙa murƙususu duk wata ana cewa raki ne.

Wanda ya fi damuna shi ne ciwon sanyi da ya haura sama. Ana raina shi, a sayi kafso a kemis a sha kwana biyu, ya lafa, ya dawo. A haka yake toshe bututun ƙwai, haihuwa ta gagara ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Malam maigida, idan likita ya ce irin wanda ake ɗauka ta saduwa ne, kai ma sai ka sha magani, haka sauran matanka, in ba haka ba zagaye kawai zai riƙa yi a gidan.

Wadda ta taso tana wanka ko wanki a rafi ko dam, ta faɗa wa likita. Tsargiya tana kama al'aurar mace, ta yi kama da sanyi, kuma maganinta daban ne.

Maganar jini kuwa: idan malam ya ce istihada ce, ki yi alwala ki yi sallah, ya warware miki hukuncin ibada ne. Dalilin zubar jinin sai an bincika. Jini bayan saduwa, jini tsakanin haila da haila, da duk ɗigon jini ga wadda ta shekara da daina haila, a koma wurin likitan mata ko da gwajin jiya aka yi. Haka kumburin ciki da ya ƙi sauka, da saurin ƙoshi, musamman ga wadda ta haura shekara 50.

In kin koma, ki faɗi yaushe ciwon ya fara da ranar hailarki ta ƙarshe. Likita zai duba ki, yana iya sa a yi sikanin, gwajin fitsari da na ruwan da ke fita. Kafin nan ki dakata da matsi, da cusa alif ko tafarnuwa, da wanke ciki da khal. Suna ƙona wurin, su kashe ƙwayoyin da ke kare ki.

Amma ciwo mai tsanani a gefe guda ga wadda ta yi ɓatan wata, da jiri ko suma, ko ciwon mara da zazzaɓi mai zafi, wannan ba ya jiran wayewar gari. A kai ta asibiti a daren.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.