Kumasi: Abin da ya kamata a gyara a gidan Zango kafin a kira dillali

A unguwannin Zango na Kumasi, irin su Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Akwatia Line da Alabar, ba kasafai ake sayar da gida ba. Gida kayan gado ne: kaka ya gina, 'ya'ya da jikoki suna zaune a ciki ko suna karɓar kuɗin haya. Amma idan magada suka yi yawa, wasu a Kumasi, wasu a Lome, Abijan, Yamai ko Kano, sau da yawa rabon gado ba ya yiwuwa sai an mayar da gidan kuɗi. A nan ne ake fara muhawara kan abin da za a gyara daga waje da kuma nawa za a kashe. Yawancin mutane fenti suke fara tunawa. A gari mai yawan ruwan sama kamar Kumasi kuwa, fenti ne ya kamata ya zo a ƙarshe.

Gidajen da suka daɗe

Zangon Kumasi ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa fataken goro, da kuma shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896. Hausawa, Mosawa, Dagombawa, Zabarmawa, Wangarawa da Yarabawa suka gina manyan gidaje masu ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida. Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen na ƙasa ne aka shafe da siminti, sannan aka rufa da kwano.

Dattawan Zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana. Mutane da dama sun rabu da kadarorinsu a wulaƙance saboda gaggawa. Darasin bai tsufa ba: mai sayarwa cikin sauri shi ne ke asara, kuma gidan da ya yi kama da wanda aka yi watsi da shi yana sanar da mai saye cewa masu shi a matse suke.

A fara sanin wanda zai saya

Masu sayen gida a Zango iri biyu ne. Akwai wanda zai zauna da iyalinsa ko ya ci gaba da sa 'yan haya. Akwai kuma ɗan kasuwan da fili yake nema, musamman a bakin titi ko kusa da kasuwar Kejetia, domin ya rushe ya gina bene mai shaguna a ƙasa. Na biyun ba zai ƙara ko sidi ɗaya ba saboda sabon fenti ko tayil. Abin da yake dubawa shi ne faɗin fili, hanyar shigar mota da takardu. Idan gidan yana irin wannan wuri, shara da kwashe tarkace da fito da iyakokin fili sun wadatar. Gyara mai cin kuɗi na gidan da za a ci gaba da zama a cikinsa ne.

Yardar magada da takardu

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, magada su zauna su amince a rubuce kan abin da za a gyara, wanda zai biya, da yadda za a mayar masa da kuɗinsa bayan ciniki. Rigingimu da yawa suna farawa ne daga ɗan'uwan da ya kashe kuɗinsa shi kaɗai, daga baya ya nemi kaso fiye da rabonsa. Idan mai gidan ya rasu, sai an sami takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci kafin ciniki ya zauna a gaban doka. Gidan da aka rubuta wa gargaɗi da Turanci a bango cewa ba na sayarwa ba ne, kamar yadda ake gani a biranen Ghana, kada a shafe rubutun da fenti sai an sasanta da wanda ya rubuta.

Akasarin filayen Kumasi suna ƙarƙashin sarautar Asante, wadda Otumfuo Osei Tutu II ke riƙe da ita tun 1999. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana mallakar filin sarauta har abada. Hayar ƙasa ake bayarwa ta wasu shekaru, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya samun fiye da shekara 50 a lokaci guda. Don haka mai saye zai tambayi shekarun da suka rage a takardar, zai bincika a Hukumar Filaye, zai kuma nemi rasiɗan kuɗin ƙasa da harajin gida. Wannan ya shafi 'yan'uwa na Nijar, Togo ko Najeriya da ke son sayen kason sauran magada.

Ruwa kafin komai

Kumasi tana da damina biyu: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Kusan duk munin da ake gani a bangon gida daga ruwa yake: gansakuka, baƙin tabo, fenti mai ɓarewa da filasta mai kumbura. Shi ya sa aikin farko shi ne lambatun ƙofar gida. A kwashe yashi da leda, a gyara inda ya karye, a rufe mashigi da murfin kankare mai ƙarfi. Ruwan wanka da ke fita ta bayan ɗaki ya kwanta a lungu, a sa masa bututu zuwa babban lambatu. Mai saye yana jin wari kafin ya ga launin bango, kuma a unguwannin da ke kusa da rafin Aboabo tambayarsa ta farko ita ce ko ruwa yana shiga gidan.

Daga nan sai rufi. Ba dole ba ne a sauya kwano gaba ɗaya. Kafinta ya cire fallayen da suka huje, ya sake buga ƙusoshi, ya duba katakon da gara ta ci. A sauke duwatsu da tsofaffin tayoyin da aka danne kwano da su, domin daga titi ake hango su. A sa indararo da zai kai ruwa nesa da gindin bango, a kuma zuba siririn daɓen siminti mai gangara a kewayen gidan.

Bango da fenti

Tsagewar bango iri biyu ce. Siririya kamar gashi ta filasta ce, birkila zai cike ta cikin yini. Wadda ta yi faɗi, ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, alama ce ta motsin tushe, kuma tana buƙatar idon injiniya ko gogaggen magini.

Sabuwar filasta tana buƙatar kimanin kwana 28 ta bushe kafin a yi mata fenti. A kankare tsohon fenti, a wanke gansakuka, a bar bango ya sha iska. Bangon ƙasa yana fitar da danshi, don haka fentin mai yana kulle ruwan a ciki har ya kumbura. Fentin ruwa na waje ko farar ƙasa sun fi dacewa da shi. Launi mai haske guda ɗaya, da ɗauri mai duhu a gindin bango inda jar ƙasa ke fantsama, sun fi launuka barkatai. Bangon da kamfanin waya ya shafe da talla, a duba ko wa'adin yarjejeniyar ya ƙare kafin a rufe shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, ko kuma ɗan tsaikon ruwa na watan Agusta.

Ƙofar gida

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar gidan Zango ita ce zaure, dakali da ƙyaure. Mai walda ya gyara ƙyauren da ya sauka, a goge tsatsa, a shafa maganinta sannan fenti. A ɗaure wayoyin lantarki da suka yi lilo, a sa ƙwai mai haske a mashigi, a bar allon lambar gida da adireshin GhanaPostGPS a fili. Turken tumaki da tarin itace su koma baya.

Tebura da shagunan kwantena da ke jingine da bango batu ne na mutane. Mai waina ko mai shayi da ta shekara goma a wurin tana da haƙƙin a sanar da ita da wuri. Haka ma 'yan haya, waɗanda galibi sun biya shekara ɗaya ko biyu gaba, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta amince da shi. Mai saye zai so ya san yaushe kuɗin kowa zai ƙare.

Sabon gini kuwa, ko katanga ce ko shago, yana buƙatar izinin hukuma: KMA a tsakiyar birni, ko majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo da Asawase ke ƙarƙashinta tun 2012. Jan rubutun jami'an hukuma na dakatar da aiki yana korar mai saye fiye da tsohon bango.

Gyara daban, ɓoye aibi daban

Masu saye da yawa suna Jamus, Italiya ko Amurka, kuma a WhatsApp ko Facebook suke fara ganin gida. A ɗauki hoto da safe, bayan an share, a nuna titi da lungu yadda suke. Daga baya za su turo ɗan'uwa, shi kuma zai tambayi maƙwabta, waɗanda suka san inda ruwa ya tsaya a daminar bara.

Shari'ar Musulunci ta haramta ɓoye aibin kaya, kuma a fiƙihun Malikiyya da ake bi a Zango mai saye yana da damar neman haƙƙinsa idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Don haka abin da aka gyara a ajiye rasiɗinsa a nuna. Abin da ba a iya gyarawa ba, a faɗe shi a gaban shaidu, a rage shi a farashi, a kuma rubuta shi a takardar ciniki tare da la'adar dillali.