Takardu kafin kilishi: jan hankali ga masu tafiya karatu ƙasar waje

A Dingyadi, ko Bodinga, ko Shagari, da zarar an ji yaron gidan wane ya samu gurbin karatu a Masar ko Indiya, hidimar da ke fara tashi ta madafa ce. Inna ta daka kuka da daddawa, gwaggo ta yi dambun nama, kawu ya aika Sakkwato a sayo kilishi, tela ya kwana kan keke. Duk alheri ne. Sai dai abin da ke ɓata wa ɗalibi tafiya ba rashin kuka ba ne. Takarda ce, ko kuɗi, ko saƙon wani.

Mu tuna da Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum, inda dubban 'yan Najeriya ke karatu, ciki har da 'yan jihar Sakkwato. An kwashe wasu a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a bar su su shiga, wasu kuma aka bi da su ta birnin Port Sudan. Motar gudun ceton rai ba ta da wurin manyan akwatuna. Da suka dawo suna neman ci gaba da karatu a jami'o'in gida, abin da aka fara tambayarsu shi ne takardar sakamakon shekarun da suka yi, ga shi makarantun da za su bayar da ita a rufe suke. Shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2022, ɗalibanmu na Yukren sun ga irin wannan rana.

Don haka ɗalibi ya ware ƙaramar jaka da ba ta rabuwa da shi: fasfo, takardar samun gurbi, sakamakon WAEC ko NECO, rasit na kuɗin makaranta, da ɗan kuɗin ko-ta-kwana. Ya ɗauki hoton kowace takarda ya ajiye a imel ɗinsa, ya bar kwafi wurin mahaifinsa. Ƙarshen kowace shekara ya je ya karɓi sakamakonsa a rubuce da hatimi, kada ya ce sai ya gama. Da isarsa kuma ya kai sunansa ofishin jakadancin Najeriya, domin ranar kwashe mutane da jerin sunaye ake aiki.

Tun a gida akwai tarkon da ke kama mutanenmu da yawa, wato saɓanin suna. Yaro Muhammadu ne a takardar firamare, Mohammed a WAEC, an ƙara masa Dingyadi a wata takardar, a NIN kuwa babu. Mu a nan mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin biza bai sani ba, kuma ba ruwansa. A gyara wannan watanni kafin tafiya, tunda fasfo ma yanzu daga bayanan NIN ake yin sa. Wanda zai karanta likitanci, in da hali, ya yi fasfo mai shekara 10 maimakon mai 5, don sabunta shi a ƙasar mutane wahala ce. Katin rigakafin shawara ba a yin sa ana gobe tafiya: sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma Masar da Indiya duk suna tambayarsa ga wanda ya fito daga Najeriya. Ƙasashe da yawa suna son a buga wa takardun makaranta hatimin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja. A Indiya, mai bizar karatu ta fiye da kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da saukarsa.

Ita kanta makarantar a bincika ta, kada a tsaya ga zaƙin bakin dillali. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya sayo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Mai karatun likita kuma ya sani, in ya dawo sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin ya taɓa majinyaci.

Maganar kuɗi ba ta son kunya. Farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A shekarar ce Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu 'yan Najeriya da suka kasa biyan kuɗin makaranta. Uban da zai sayar da shanu ko gona ya yi lissafin shekarun karatun gaba ɗaya da dala, ba shekarar farko kaɗai ba. Wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa shi ma kada ya tafi hannu rabbana, alawus yakan makara.

Sai akwati. Yawancin jirage suna ba da jaka biyu masu kilo 23 kowace, amma jirgin Sakkwato zuwa Abuja ba ya ba da haka, a tambaya tun da wuri. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ba su da nauyi, a ɗaure su da kyau, in an tambaya a faɗi gaskiya. Kilishi da dambu kuwa, Ingila da Amurka ba sa barin nama ya shiga, a shara za su ƙare. Saudiyya ta hana goro. Tramadol a Masar kurkuku yake kai mutum. Mai shan magani kullum ya riƙe takardar likita, ya bar maganin cikin kwalinsa. Rigar sanyi mai kauri a can ta fi dacewa a saya.

Mafi haɗari shi ne saƙo. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗalibar wata jami'ar Kano a Saudiyya saboda ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta, alhali ba tata ba ce. Binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ya gano wasu ma'aikata a filin jirgin Kano ne suka maƙala sunan, kuma sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Ɗalibi ya ƙirga jakunkunansa, ya ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba shi, ya tabbatar sun yi daidai. Ku kuma iyaye, ku ɗauke wa yaro nauyin cewa a'a, tunda shi kunya ba za ta bar shi ya musa wa babba ba. Duk wanda ya kawo ƙunshi ya ce a kai wa ɗansa, ko maƙwabci ne ko ɗan'uwa, a kwance shi a gabansa kafin ya shiga akwati. In ya ƙi, a mayar masa da kayansa.