Idan Maɓalli Ɗaya Ya Ƙi Aiki

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta. Ɗalibi yakan zaɓi amsa da harafin A, B, C ko D, ya danna N ya wuce gaba. Saboda haka mutuwar maɓalli ɗaya a ɗakin kwamfuta babban cikas ne ga masu shirin jarrabawa.

A ƙasar Daura ƙurar hunturu ce kan jawo wannan matsala. Amma kada a yi saurin yar da kibod. A irin wanda ake kira makanikal, kowane harafi yana da makunninsa a ƙarƙashi, kuma ana iya gyara shi shi kaɗai.

Da farko a jona kibod ɗin a wata kwamfuta. Idan harafin bai fito ba, a zare waya, a cire murfin maɓallin a hankali, a share ƙura da burushi, a ɗiga sifirit kaɗan, a bari ya bushe.

In bai tashi ba, kuma makunnin irin na zarewa ne, a zare shi a duba ƙafafunsa biyu na ƙarfe, a miƙe wadda ta lanƙwashe. Sannan a musanya shi da na maƙwabcinsa. Idan ciwon ya bi makunnin, a sayi sabo. Idan ya tsaya a gurbinsa, wataƙila dalma ce ta saki, sai a kai wa mai gyaran rediyo.

Ɗalibai, ku riƙa rufe kibod da ƙyalle bayan darasi. Rigakafi ya fi magani.