Alƙalami, Auduga da Lissafi: Yadda Riga Ke Ceton Dabba

A ƙasashe da dama na duniya akwai ƙungiyoyi waɗanda ba su da wani aiki sai ceton dabbobi: ɗan giwar da mafarauta suka kashe wa uwa, zakin da ya tsufa cikin keji, jakin da ubangidansa ya yasar bayan gyambo ya cinye masa baya. Aiki ne mai cin kuɗi safe da yamma, domin dabba ba ta san ƙarshen wata ba. Ko asusu ya cika ko ya bushe, sai ta ci, sai ta sha, sai likitan dabbobi ya duba ta. Saboda haka masu wannan aiki kullum cikin neman hanyar tara kuɗi suke.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi yaɗuwa ita ce sayar da ƴar rigar nan mai gajeren hannu, marar maɓalli, wadda ake ce wa tishat. A buga hoton dabba da ƴan kalmomi a ƙirjinta, a sayar, ribar ta shiga asusun ceto. Ga mai kallo daga nesa abin ba shi da wuya. Amma tarihin waɗanda suka yi shi ya nuna tukunyar ba ta zama sai bisa duwatsun murhu uku: labari mai shiga zuciya, auduga wadda nomanta bai yi ɓarna ba, da lissafi a fili. In an cire ɗaya, tukunya ta kife.

Alƙalami ne ya fara

Tun kafin riga ta shigo cikin sha'anin, marubuta ne suka koya wa jama'a buɗe aljihu saboda dabba. A watan Fabrairu na shekarar 1956, a arewacin ƙasar Kenya, wani ma'aikacin gandun daji mai suna George Adamson ya harbe wata zakanya da ta taso masa. Bayan ta faɗi ne ya gane ƴaƴanta uku take karewa. Aka kai biyu gidan ajiyar namun daji na Rotadam, a ƙasar Holand. Ƙaramar kuwa, wadda aka sa wa suna Elsa, ta zauna hannun matarsa, Joy Adamson. Ma'auratan suka rene ta, suka koya mata farauta, suka mayar da ita dawa, har ta haifi ƴaƴa uku a can.

Joy Adamson ta rubuta labarin cikin wani littafi mai suna Born Free, watau wadda aka haifa cikin ƴanci, wanda ya fito a shekarar 1960. Aka juya shi cikin harsuna fiye da 20, aka sayar da miliyoyin kwafi, kuma a 1966 aka yi silima da shi. Marubuciyar ba ta tara kuɗin don kanta ba. Ta buɗe asusu da sunan Elsa, ta riƙa zuba ribar littattafanta cikin aikin kare namun dawa a Kenya. Ƴan wasa biyun da suka fito a silimar, Virginia McKenna da mijinta Bill Travers, su ma labarin bai sake su ba. Bayan wata giwa mai suna Pole Pole ta mutu a gidan namun daji na Landan a 1983, sai suka kafa ƙungiya a 1984, wadda daga baya ta ɗauki sunan littafin. Ƙungiyar ta fitar da zakuna da damisoshi da yawa daga keji, ta kai su wuraren hutawa a Afirka ta Kudu da Habasha.

Haka shi ma Gerald Durrell, Baturen Ingila wanda ya yi tafiye-tafiyen neman dabbobi a ƙasar Kamaru. Da taimakon kuɗin littattafansa ya buɗe gidan renon dabbobi masu shirin ɓacewa a tsibirin Jersey a shekarar 1959.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai a bayyane yake. Mutum ba ya jin tausayin lamba. Da a ce an rubuta cewa zakuna suna raguwa a Afirka, da mai karatu ya gyaɗa kai ya wuce. Amma da aka ba shi zakanya guda, mai suna, mai hali, mai ranar haihuwa da ranar mutuwa, sai ya tsaya, ya sa hannu aljihu.

Riga ta karɓi saƙo

Littafi yana zama cikin ɗaki. Riga kuwa tana shiga kasuwa da lakwal da tasha. Wannan shi ya sa masu ceton dabbobi suka ɗauke ta abokiyar aiki. A shekarar 1975, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wata yarinya ƴar shekara 14 mai suna Maris Sidenstecker ta zana riga mai kiran a ceci manyan dabbobin tekun nan da Faransawa ke ce wa balen, waɗanda jiragen farauta ke neman ƙarar da su. Rigar ta sami karɓuwa, har ita da mahaifiyarta suka kafa ƙungiya a 1977. Muryarsu ɗaya ce cikin muryoyi masu yawa, amma tarin muryoyin ya yi aiki: a 1982 hukumar duniya mai kula da farautar balen ta yanke shawarar dakatar da farautar kasuwanci, dokar kuma ta soma aiki a 1986.

A Ingila, wata gwanar tsara tufafi mai suna Katharine Hamnett ta shahara tun 1983 da riguna masu manyan baƙaƙe waɗanda ake iya karantawa daga nesa, kalma biyu ko uku kawai. A 1984 ta shiga fadar Firayim Minista Margaret Thatcher sanye da irin wannan riga mai ƙin makamai masu linzami, hoton ya zagaya duniya. To, amma a 1989 ta sa aka binciko mata yadda ake noman audugar da take amfani da ita. Abin da ta gano ya tayar mata da hankali: rigar da ke kiran a ceci duniya, maganin ƙwarin da aka fesa wa audugarta yana hallaka manoma da sauran halittu. Daga nan ta koma mai fafutikar noman auduga ba tare da guba ba, har ta ziyarci manoman auduga na ƙasar Mali a 2003.

Abin da riga ke ci kafin a sa ta

Wannan shi ne dutse na biyu, kuma shi ne aka fi mantawa. Asusun kare namun dawa na duniya, WWF, ya ƙiyasta cewa riga guda ta auduga tana iya shan ruwa lita 2700 daga gona zuwa kanti, watau ruwan shan mutum guda na wajen shekara biyu da rabi. Tafkin Aral na tsakiyar Asiya, wanda a da shi ne na huɗu wajen girma a duniya, ya soma ƙafewa tun shekarun 1960, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke zuba cikinsa zuwa gonakin auduga. Kifayensa suka mutu, jiragen masunta suka zauna bisa rairayi.

Maganar guba kuwa ba sai an je nesa ba. A kakar noma ta 1999 zuwa 2000, wani maganin ƙwarin auduga mai suna endosulfan ya kashe aƙalla mutum 37 a yankin Borgu na ƙasar Binin, makwabciyar Nijar. Magani ne mai saurin kashe kifi in ruwan sama ya kwashe shi zuwa gulbi. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun hana amfani da shi, kuma a 2011 yarjejeniyar Stockholm ta sa shi cikin magungunan da za a kawar daga duniya. Ke nan ƙungiyar da ta sayi riga mai araha ba tare da tambayar asalin audugarta ba, tana iya ceton dabba guda da hannun dama, ta kashe dubu da hannun hagu.

Mafita ita ce auduga, ko kaɗa, wadda ake nomawa ba takin zamani ba maganin ƙwari na kanti, wadda masu jin Faransanci ke ce wa biyo. An soma noma ta a Binin tun 1996, a Burkina Faso kuma tun 2004. Manoman suna zuba takin gargajiya, suna sauya shuka daga shekara zuwa shekara, suna fesa jiƙon ƴaƴan dogon yaro, suna shuka kuɓewa kusa da auduga domin tsutsa ta koma kanta. Audugar Afirka ta Yamma kuma tana da wata falala: ruwan damina take sha, ba ta zuƙe kogi. Domin kada a sayar wa mutane da gaibu, an kafa wani ma'auni na duniya mai suna GOTS a 2006. Tufa ba ta samun cikakkiyar shaidarsa sai kashi 95 cikin 100 na zarenta ya kasance na biyo. Har tawadar bugu ana duba ta: wadda aka haɗa da ruwa ta fi wadda aka haɗa da roba sauƙin illa ga ƙasa.

Kada a buga fiye da bukata

Dutse na uku shi ne lissafi, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi faɗuwa. Ga misali. Wata ƙungiya ta buga riga 200, kowace ta ci mata jika 3, kuɗin mota da talla kuma jika 50. Ta kashe jika 650 ke nan. In ta sayar da su duka a kan jika 5, za ta ga ribar jika 350. In kuwa 120 kawai aka saya, jika 600 za ta tara: ta yi hasarar jika 50, ga riga 80 jibge a ɗaki, dabba kuma ba ta sami ko ƙwayar hatsi ba.

Tufafin da suka yi kwantai a Turai da Amurka, da yawansu cikin dilolin gwanjo suke ƙarewa. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta, a farkon shekarun 2020, cewa tufa miliyan 15 ke isa kasuwar Kantamanto ta birnin Akra a kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 suna komawa shara, wasu har cikin teku.

Maganin wannan shi ne a karɓi kuɗin mai saye tukuna, sa'an nan a buga. Ƙungiya ta sanar cewa za a yi mako biyu ko uku ana rubuta sunayen masu so; in wa'adi ya cika, a buga daidai adadin. A tsibirin Wight na Ingila, wasu ƴan'uwa biyu sun fara sana'ar riguna a 2008 da jarin fam 200, daga baya suka buɗe wani tsari mai suna Teemill, inda ba a buga riga sai an saye ta ta intanet, kuma in ta tsufa mai ita ya mayar a sake yin zare da ita. Ƙungiyoyin agaji da dama sun bi wannan hanya domin ba ta bukatar jari.

Akwai kuma ƙa'idodi waɗanda hankali ya yarda da su. Mai alƙalami daban, mai jakar kuɗi daban. A faɗa wa mai saye tun farko nawa ne daga cikin kuɗinsa zai kai ga dabba. Marubuci kada ya ƙara gishiri: in jaki gyambo gare shi, kada a ce ƙafa ya rasa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan an rufe ciniki, a sake ɗaukar alƙalami a ba da labarin abin da kuɗin suka yi. Wannan labari na biyu shi ke dawo da mai saye baɗi.

Raƙuman dawa na Kure

Nijar tana da nata labarin ceto wanda bai gaza na Elsa ba. A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, ake samun raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 kacal. Da ƙoƙarin hukumar gandun daji, da ƙungiyoyi, da haƙurin mutanen ƙauyuka, suka haura 600 kafin 2018. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauki 8 cikin mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa dajin Gadabeji na jihar Maraɗi, inda irinsu ya daɗe da ɓacewa.

Labari ne mai mutane a ciki. Raƙumin dawa yana cin waken manomi, yana tsinke masa mangwaro. Wanda zai rubuta shi da gaskiya sai ya saurari manomin, kuma kuɗin da aka tara da sunan dabbar dole wani kaso ya koma rijiya da gonar ƙauyen da ke zaune da ita. Duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana da alƙalamin da zai iya wannan aiki, malamin lakwal kuma yana iya sa ɗalibansa gasar ƙaga kalmomi uku da za su hau ƙirjin riga. Audugar biyo tana nan ƙetaren iyaka, a Binin da Burkina. Abin da ya rage shi ne littafin lissafi wanda kowa zai iya buɗewa ya karanta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: marubuci, manomi, tela da ma'aji, sai sun haɗu riga ke zama abincin dabba.