Titin Liuhua da 'yan gwagwarmayar da suka yi gum

A kan titin Liuhua na birnin Guangzhou aka buɗe baje kolin Canton na farko a 1957, cikin wani gini da aka raɗa wa sunan zumuncin Sin da Tarayyar Sobiyet. A lokacin Amurka ta ƙaƙaba wa Sin takunkumi, sai wannan kasuwa ta zame mata ƙofar samun kuɗin waje. Baje kolin ya tare a unguwar Pazhou a 2008, amma har yau fatakenmu na Kantin Kwari suna kai-komo a unguwannin da ke kewaye da titin Liuhua, ran Juma'a kuma su cika masallacin da ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas na cikinsa.

Irin wannan tarihi ne ya sa 'yan ra'ayin gurguzu a Afirka suka ɗauki Sin 'yar'uwar gwagwarmaya. Suna da hujja: ita ta shimfiɗa layin dogo na Tazara tsakanin Tanzaniya da Zambiya bayan ƙasashen Yamma sun ƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawansu sun mai da ƙin Amurka ma'auni ɗaya tilo. Duk wanda ya ja da Washington ya wanku, ko me ya aikata a gida.

A 2018 ma'aikatan kamfanin Jasic da ke Shenzhen, a lardin Guangdong inda Guangzhou take, suka nemi kafa ƙungiyar ƙwadago tasu. Aka kori wasu, aka kama wasu. Ɗaliban da suka zo mara musu baya almajiran Marx ne, riƙe da hotunan Mao, su ma 'yan sanda suka kwashe su. Da a Ingila aka yi haka, da an gaji da karanta takardun Allah-wadai.

A 2019 Najeriya na cikin ƙasashe 37 da suka sa hannu a wasiƙar yaba manufofin Sin a Xinjiang, yankin Musulmin Uygur. A Afrilun 2020, lokacin korona, aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi da jakunkunansu. Kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon abin da ya faru.

Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ba ta san wannan rangwame na kau da kai daga zaluncin na gida ba. Ta yaƙi Bature, ta kuma yaƙi En'e mai ɗaure talaka kan haraji, duk da cewa alkalin da dogarin 'yan gida ne.