2.2 Ma'anar Ciwon Tara Komatsai da Matsayinsa a Ilimin Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Kafin a shiga bayanin wannan ciwo, ya kamata a bambanta shi da wasu ɗabi'u da aka saba da su. Akwai tanadi, wanda abin yabo ne, akwai rowa, akwai kuma ɓoye kaya irin na ɗan kasuwar da ke kulle hatsi a sito yana jiran tsada. Duk waɗannan sun san abin da suke nema da ajiyarsu, kuma ranar da buƙata ta taso sukan fito da ita. Mai ciwon tara komatsai kuwa kasa rabuwa da kaya yake yi, ko da tsohuwar jarida ce ko fasasshen bokiti, domin da zarar ya yi niyyar zubarwa sai hankalinsa ya tashi matuƙa.

Masana biyu, Randy Frost da Tamara Hartl, sun yi bayanin ciwon a shekarar 1996 da siffofi uku, wato tara kayan da ba su da wani amfani a zahiri tare da kasa zubar da su, da cushewar muhalli har ɗaki ya daina aikin da aka gina shi dominsa, sannan damuwa ko taɓarɓarewar harkokin rayuwa. Siffa ta biyu ita ta fi saukin ganewa. Idan gado ya cika da kaya har mai shi ya koma kwana a kujera, to abin ya wuce son ajiya.

Misalin da ya fi shahara shi ne na wa da ƙane, Homer da Langley Collyer, mazauna unguwar Harlem a birnin Niyok na Amurka. A shekarar 1947 aka tarar da gawar Homer, wanda makaho ne kuma ba ya iya tafiya, yunwa ta kashe shi. Sai bayan fiye da mako biyu ana kwasar kaya aka gano gawar Langley kusa da shi. Tarkon da ya ɗana wa ɓarayi ne ya rufto masa da tulin kaya, alhali shi ne mai kai wa wansa abinci. Kayan da aka fitar daga gidan sun haura tan 100.

An daɗe ana ɗaukar wannan larura a matsayin reshe na ciwon waswasi da maimaita aiki. Sai a shekarar 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware ta a kundinta mai suna DSM-5, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya ta a kundin ICD-11 da ya fara aiki a 2022. Alamominta kan fara bayyana tun a shekarun balaga, su riƙa tsananta yayin da mutum ke manyanta.

Wannan fahimta tana da muhimmanci wajen magani. Dangi sukan zaci cewa idan aka kawo mota aka kwashe kayan, magana ta ƙare. Wannan kuskure ne, domin ciwon ba a cikin kayan yake ba. Sau da yawa ɗakin kan sake cika, ga kuma gaba da ta shiga tsakani. Hanyar da masana suka fi aminta da ita ita ce zama da majinyaci a gyara tunaninsa game da kayan, ana koya masa zubar da su kaɗan-kaɗan da hannunsa.