Madubin saiti a kan bindigar toka: ya dace kuwa?

Samarin mafarauta a nan Jajimaji sun fara wata tambaya da iyayenmu ba su taɓa yi ba. Suna ganin bidiyon maharban Amurka a waya, kowa da madubin saiti ɗaure a bayan bindigarsa, har da masu bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki kamar tamu. Wani ƙanena ya same ni da maganar: "Yaya, wane iri zan sa a sayo mini daga Kano?" Na ce masa ya fara leƙa cikin bututun bindigarsa tukuna.

Can ne bambancin yake. Bindigar Ba'amurke tana da zane a murɗe cikin bututu, shi ke juya harsashi ya tafi a miƙe, har ya sami barewa daga mita 100 ko fiye. Tamu ta maƙera cikinta sumul ne. Ka ɗura albarushi, ka zuba 'ya'yan dalma, ka danna tsumma, in ta tashi sai su watsu. Amfaninta a kusa yake, taku talatin zuwa arba'in. Madubi zai jawo maka zabo har ka ga zanen gashinsa, amma ba zai gyara tafiyar dalma ba. A ganina, ɗaura shi a kan irin wannan bindiga asarar kuɗi ce, kuma yana ruɗin mutum ya yi harbi daga nesa, ya ji wa dabba ciwo ta tafi ta mutu a banza.

Wanda ya mallaki mai zanen ciki, shi ne ke da zaɓi. Kada ya bi mai girmama abu sau tara ko sau goma sha biyu. A fadamun da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, inda ciyawar kachalla ta rufe ko'ina, sau ɗaya zuwa sau huɗu ya isa, domin ƙaramin madubi ya fi buɗe fili, ka ga dabbar, ka ga abin da ke bayanta. Makiyayi da masunci suna cikin wannan ciyawa, kada a manta.

Abin da na fi jin tsoro shi ne shurin bindiga. In madubin ya matso ido, tana tashi zai fasa maka gira. A nemi wanda ake gani sarai da tazarar santimita 9 ko 10 daga ido, a kuma ɗaure shi da ƙarfen da aka yi dominsa, ba roba ko waya ba. Sannan ya zama rufaffe, saboda ƙurar hunturu da hayaƙin albarushi, wanda ke cin ƙarfe in ba a goge ba.

Dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigar ɗurawa ta baki, don haka a je ofishin 'yan sanda a ji batun lasisi kafin a kashe ko sisi. Dagona kuma, matattarar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi. Da madubi ko babu, ba a farauta a can.